Ranar da Na Tsuguna wa Ɗorawa

Har yau idan na je ɗaurin aure ko ta'aziyya a Birnin Gwari, ba na rasa wani mai furfura da zai taso ya ba ni hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Malam, ya ɗorawa?" Ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar gwiwata da ke ciwo, sai ɗorawa. Yaran da na koyar ne a Kuyello, sun tsufa ba su bar tsiya ba. Tunda sun ƙi barin maganar ta kwanta, gara in ba da ita da bakina, don yadda suke ba da ita sun zuba mata gishiri ya yi yawa.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Na gama kwalejin horon malamai a Zariya aka turo ni firamaren Kuyello, da akwatin ƙarfe, da keke, da girman kai wanda ya fi su nauyi. Ajujuwan na ƙasa ne, ɗaya da rufin kwano, sauran jinka. Bayan makaranta fili ne, bayan filin gonakin dawa da masara, bayan gonakin kuma daji. Daji na gaske nake faɗa, maɗaci da doka da maje da kirya, wanda in ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi a wuyanka. A lokacin ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa abu ne mai ƙarewa.

A shekarata ta biyu abu biyu suka same ni, kuma ban san za su haɗu a wuri ɗaya ba.

Na farko, na ga yarinya. Daddawa take sayarwa ranar kasuwa, kuma duk wanda ya taya da rainin hankali sai ya bar wurin ana yi masa dariya. Na sayi daddawar da ta isa gidan mutum goma, ni kuwa gwauro ne, ko tukunya ba ni da ita. Manya suka shiga maganar, aka kai gaisuwa, aka ce biki sai bayan kaka. Daga ranar nan uwarta ta zama surukata, kunya kuma ta shiga tsakaninmu.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon talabijin ba za su gane wannan ba, sai na yi bayani. 'Yar Gbagyi ce, ta auri Bahaushe manomi, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ta ɗauki kunyar Hausa ta haɗa da ta gidansu, ta ninka. Idan na hango ta tafe da kaya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗauka, sai in sauka daga keke in faɗa gonar mutane, in tsaya ina duba dawa kamar ni na shuka ta. In kuwa ba makawa muka yi kiciɓis, sai in cire takalmi in tsuguna in gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa katanga, ko akuya, ko duk abin da ke kusa. "A ce da shi lafiya lau." Ba ƙiyayya ba ce, kada ku ɗauka haka. Girma ne take ba ni, ni ma nake ba ta.

Na biyu, kamfani ya zo. Wani kamfanin katako ne da aka ba izinin yanka a dajinmu. Manyan motocinsa kan bi ta bayan makaranta ɗauke da gumagumai, sai mu dakata da karatu har ƙarar ta wuce. Wata rana sai ga ƙaramar mota ta tsaya a bakin tutar makaranta, wani Bature ya fito, dogo, da safa har gwiwa. Yara suka sa masa Baturen katako. Mutumin kirki ne a yadda na san shi, ba ya tsawa. Hausarsa ta littafi ce, yana ji da ita ƙwarai, sai dai kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji, har kaza.

Ya sauke kaya a ofishin hedimasta: ƙwallon ƙafa sabuwa, fensira, korayen huluna, ƙananan littattafai, da wani babban hoto na kafawa a bango. Ya ce kamfani yana son yaran sabuwar ƙasa su san darajar daji. Za a ƙara darasi duk ranar Alhamis a kan zama ɗan ƙasa nagari, kuma makaranta za ta yi nata gandun itatuwa, kamfani zai kawo irin malaina, itacen katako mai saurin girma. In abin ya yi kyau, kamfani zai rufe sauran ajujuwan da kwano, malamin da ya riƙe aikin kuma a tura shi kwas Kaduna.

Hedimastanmu gajeren dattijo ne mai wayo, wanda ya gaji da tara kwanuka a aji duk damina. Da ya ji an ambaci rufi sai idonsa ya yi haske. Ya dube ni ya ce, "Ƙaramin malam, kai ne mai sabon jini." Ni kuwa da na ji Kaduna, ai ban bari ya rufe baki ba.

Hoton nan shi ne darasin farko. An rubuta a samansa, Maƙiyan Daji. Ga manomi yana cinna wa ciyawa wuta, ga Bafulatani a kan reshe yana sassabo wa shanu ganye, ga mace da damin itace a ka, ga akuya tana cin tsiro. Na kafa shi, na ɗauki sanda ina nunawa ɗaya bayan ɗaya, yara suna maimaitawa. Ajin ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba, don kowa ya ga ubansa a bango. Ɗan Fulanin da ke ajin ya sunkuyar da kai. Can sai wata yarinya 'yar Gbagyi ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, wannan matar ba tamu ba ce. A ka ta ɗauko." Nan take rabin ajin ya yi ajiyar zuciya, uwayensu sun tsira. 'Ya'yan Hausawa kuma suka shiga harararsu.

Wani daga baya ya ce, "Malam, ina motar?" Na ce wace mota? Ya nuna taga, daidai lokacin kuwa wata tana wucewa da maɗaci guda wanda ya cika bayanta. Na ce masa wannan daban ne, wannan da izini. Haka littafin ya ce, ni kuma a lokacin duk abin da aka buga da inji gaskiya ne a wurina.

Littafin ya ce ɗan ƙasa nagari shi ne mai dasa itace, kuma a layi. Na tambayi ajin wa aka taɓa dasa itace a gidansu. Ba hannu ko ɗaya. Na yi musu faɗa sosai, na ce dubi gari guda ba ɗan ƙasa nagari. Da la'asar na je zance wurin yarinyar nan mai daddawa, muna tsaye a bakin zaurensu, na ba ta labari ina jiran ta yaba mini. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yo Malam, wa ke dasa ɗorawa? Wa ke dasa kaɗanya? Ai bari ake yi."

Na ce bari kamar yaya?

"In mutum yana sassabe ya ga ɗan tsiro, sai ya bar shi. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, in yana noma ya kauce masa. Shi ke nan ya zama nasa. Ko gonar ta koma hannun wani, itacen na wanda ya bari ne. A kwalejin ba a koya muku wannan ba?"

Na ce bari ai ba aiki ba ne, kowa ma ya iya bari. Ta ce, "To, Allah ya ba ka iyawa." Na yi dariya, ban san addu'a take yi mini ba.

Dagaci ya ba makaranta filin da ke bayanta. Ni da yara muka share shi, muka ja igiya, muka kafa turaku a layi, kowane yaro da koriyar hularsa. Abin ya yi kyau, sai dai a tsakiyar filin akwai wata ƙatuwar ɗorawa, mai rassa kamar rumfar kasuwa, ta tsaya daidai inda layuka za su bi. Baturen katako ya zo dubawa, ya zagaya ta, ya ce inuwarta za ta kashe malaina, kuma ta ɓata layi. Ya ce, "Wannan ya tafi." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ya ce zai turo masu zarto da faɗuwar ruwan fari.

Da yamma na sake kai labari, har ina kwatanta yadda za ta faɗi. Yarinyar ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Wace ɗorawa?"

"Ta bayan makaranta."

"Malam, ta Innata ce."

Ta ce kakanta ne ya bar ta, shekarar da aka haifi uwar, lokacin filin yana gonarsa. Gona ta bi hannu ta bi hannu har ta koma wurin dagaci, ɗorawa kuwa tana nan ta uwar. Daga kalwarta ake daddawar da na yi ta saye. Da garinta ake kunu lokacin bazara, da makubarta ake daɓen ɗaki. Da ita aka rene su bayan rasuwar ubansu, kuma kayan ɗakin da za ta shigo gidana da su daga jikinta za su fito. Ta faɗi duk wannan ba tare da ɗaga murya ba, sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka sare, ba komai. In na tare sai in riƙa kaɗa maka miya da alli."

Washegari na faɗa ofishin hedimasta. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Ai abin ya zo da sauƙi, surukarka ce, je ka yi mata bayani." Na ce, "Haba Malam! Ai shi ya sa ba zan iya ba." Ya ɗaga kai ya dubi jinkar da ke ɗiga duk damina, ya dube ni. Na je wurin dagaci, ya ce, "Ni ƙasa na bayar. Itace ba nawa ba ne balle in bayar, ba kuma nawa ba ne balle in hana." Ya ci gaba da cin goronsa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata duk garin nan ba mai tsayawa a magana ɗaya.

Na tari Baturen da Turancina na kwaleji, na yi masa bayani har gumi ya keto mini. Ya ce, ƙasa ta makaranta, itace na tsohuwa? Inuwar fa, ta wa? Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce in gaya mata kamfani zai ba ta malaina masu yawa a madadin guda ɗaya, ai ta ci riba. Na aika da wannan saƙo ta bakin 'yarta. Amsar da ta dawo ita ce, "Ta ce ita ba ta ce komai ba." Duk wanda ya san manyan mata ya san ba amsar da ta fi wannan zafi. Cikin makon kuma kawun yarinyar ya tare ni a hanyar masallaci, ya ce maganar bikin nan ta bayan kaka, to, a dai ƙara dubawa, ba gaggawa.

Sai na ga inda na tsaya. In ɗorawa ta faɗi, auren ya faɗi, ko ba a faɗa da baki ba. In ta tsaya, rufi ya tafi, Kaduna ta tafi, hedimasta kuma ba zai yafe mini ba har ya yi ritaya. Abinci ya daina shiga. Na rame har yara suka fara tambaya ko azumi nake yi.

Ruwan fari ya sauka. Da safe motar kamfani ta iso da masu zarto, irin dogon zarton nan na mutum biyu, da buhunan tsiron malaina. Aka jera yara da hulunansu, hedimasta ya sa babbar riga. Muka zagayo bayan makaranta, sai ga surukata zaune a kan saiwar ɗorawar, da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga kalwa kamar a tsakar gidanta take.

Baturen ya matsa ya cire tabarau, ya ce, "Sannu, kai tsohuwa. Tashi kaɗan, za a yi aiki." Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ya juyo ya ce mini in je in yi mata bayani da Hausa mai kyau. Na dubi hedimasta, ya shiga gyaran wuyan rigarsa.

Na taka. Ban san lokacin da takalmana suka fita daga ƙafata ba, ban san lokacin da hulata ta dawo hannuna ba. Jiki ya riga ya saba. Na tsuguna a cikin laka da wandon da na kwana ina gogewa. Ba zan iya fuskantarta ba, ba katanga, ba akuya, abin da ke gabana kawai gindin ɗorawa ne. Sai na fuskance shi na ce, "Ina kwana."

Ta juya ita ma ta dubi itacen. "Ke ɗorawa, ki ce da shi lafiya lau. Ki tambaye shi me ya fito da shi da zarto da farar safiya."

Na ce wa itacen, "A ce mata ba ni ba ne. Layi ne."

"Ki tambaye shi, da ke da layin wa ya riga wani zuwa nan."

Na ce, "A ce mata za a ba ta malaina."

"Ki ce da shi na gode. Ki tambaye shi, malainar dafawa ake yi ko jiƙawa?"

Na ji wani daga cikin masu zarton ya yi tari irin na mai danne dariya. Ni kuwa ba abin dariya a wurina. Ta ci gaba da tsintar kalwarta na ɗan lokaci, sannan ta kakkaɓe zaninta, muryarta ta sauka.

"Ki ce da shi na san aikinsa ne, ba na so a kore shi saboda ni. In ya zama dole, zan tashi. Amma ya sare ki da hannunsa. Kada ya bar baƙi su taɓa ki, ubana ne ya bar ki."

Wannan maganar ita ta gama da ni. Da zagina ta yi, da na samu abin riƙewa. Idona ya cika, na ce wa itacen, "A ce mata ba zan iya ba. A ce mata ta zauna." Na miƙe na juya, na shirya in gaya wa Baturen ya riƙe Kadunarsa da kwanonsa, in an kore ni in koma Zariya in yi tallan goro.

Sai na tarar ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Fuskarsa ta yi ja, ya matsa kusa da hedimasta yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce me ya sa ba a gaya masa ba tun farko? Ya ga malami mai ilimi ya cire takalmi, ya tsuguna, yana magana da itace, tsohuwa tana ba da amsa a madadin itacen, har da hawaye. Ai wannan itacen tsafi ne! Ya ce ya taɓa aiki a wata ƙasa inda aka sare irinsa, ma'aikata suka watse suka bar masa zarto a daji. Kamfani ba ya taɓa irin wannan.

Na buɗe baki in ce a'uzubillahi, sai na ji hedimasta ya take mini ɗan yatsan ƙafa, ga shi ba takalmi. Ya gyara murya, ya ce da Baturen, "Ranka ya daɗe, abu ne mai nauyi ƙwarai. Ko ni ba na shiga tsakaninsu." Ku duba fa, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Masu zarto, waɗanda sun san sarai abin da suka gani tunda su ma suna da surukai, suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Yara suka cusa huluna a baki.

Baturen ya sa aka cire turaku aka kauce wa ɗorawar, aka bar mata fili mai faɗi. Layukan malaina suka zo suka lanƙwashe suka wuce, abin da ya ce ba ya yiwuwa. Har ya roƙe ni in sake tsugunawa ya ɗauki hoto. Na tsuguna, ya zan yi? Ina jin hoton nan yana can wata ƙasa a cikin akwatin jikokinsa, an rubuta a bayansa abin da Allah kaɗai ya sani. Surukata kuwa ta gama tsintar kalwarta tsaf, ta ɗora faifan a kafaɗa ta tafi, ba ta dubi kowa ba.

Kwano ya zo kafin ƙarshen damina, hedimasta ya yi ta zagaya ajujuwa yana sauraron ruwa a kan rufi kamar mai jin kiɗa. Kaduna kuwa wani malami aka tura. Baturen ya ce ni yaro ne mai ƙoƙari, amma kaina bai gama wayewa ba, bai dace in koya wa wasu malamai ilimin daji ba. Ni! Ni da na zo na ɗaya a ajinmu! Na yi kwanaki ina huci. Ranar Juma'a kuma liman ya riƙe hannuna bayan salla, ya ce, "Malam, an ce har da cire takalmi?" Sahu guda ya fashe da dariya. Tun daga nan tsiyar ɗorawa ta bi ni.

Aka yi biki bayan kaka, ba wanda ya sake cewa a duba. Ranar da amarya ta fara girki ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika ɗakin, a gefen kwanon kuma ta ajiye guntun alli. Ta ce ko zan fi son wannan.

Na ci gaba da darasin Alhamis, don yana cikin jadawali. Wata safiya na shigo na tarar wani ya zana mota da gawayi a kusurwar hoton Maƙiyan Daji, da gungume a bayanta, har da hayaƙi. Na san hannun wanda ya yi. Na ɗauki sanda na nuna manomi, na nuna Bafulatani, na nuna mace, na nuna akuya, na nuna mota, yara suka maimaita. Ba wanda ya goge ta har gara ta cinye hoton.

Malaina ta yi saurin girma, ba a ƙwace mata wannan ba. Kowane yaro ya san tasa, yana cewa "tawa ta fi taka." Bayan wasu shekaru, yaran sun zama samari, sai motocin kamfani suka zo da wani sabon ma'aikaci, suka yanke su kaf. Ashe a wurin kamfani, wanda ya kawo iri shi ke da itace. Samarin suka tsaya a bakin fili suna kallo, wani ma da tsohuwar koriyar hularsa a aljihu. Na ji kunyarsu ƙwarai, don ni na ce musu nasu ne. Ba a jima ba manyan itatuwan dajin suka yi ƙaranci, kamfani ya kwashe zartunansa ya yi gaba. Aka bar mana kwano a sama da kututture a fili, ɗorawa kuma a tsakiya tana ta zuba 'ya'ya.

Ni da surukata muka ci gaba yadda muka fara. Na haifi 'ya'ya a gabanta, ta goya su, ta yaye su, amma ko sau ɗaya ba ta dube ni ta yi magana ba. A ce da shi ya ci abinci. A ce da shi yaron nan yana bukatar aski. Ni ma a ce mata, a ce mata. In ba kowa a kusa, sai mu nemi turmi ko tulu mu ba shi saƙon. Har na yi furfura a haka, kuma ban taɓa jin wani abu ya rage mini ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, wata rana da hantsi ta aika a kira ni. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta. Matata tana zaune a gefen gado tana yi mata fifita. Na gaishe da ƙyauren ɗakin kamar yadda na saba, ina jiran a ce da shi lafiya lau.

Sai na ji ta ce, "Kai."

Na ɗauka da wani take. Na ɗaga ido, na ga ni take kallo, kai tsaye, da idanun da ban taɓa sanin kalarsu ba.

"Ubana ya bar ta saboda ni. Kai ma ka bar ta. To, na bar maka."

Matata ta ce, "Inna, ni da kika haifa fa?" tana dariya hawaye na zuba. Tsohuwar ba ta kula ta ba, ni take jira.

Ni da na yi shekaru ina surutu a gaban aji, kalma ɗaya ta gagare ni. Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba. Daga inda nake tsugune, ta saman dangar gidan, ana hango kan ɗorawar can bayan makaranta. Sai na juya na fuskance ta, na ce, "Ki ce mata na gode."